Alhaji, gidan ruwa ka je

Sau uku aka turo mini bidiyon nan tun jiya, sau uku na kalla don in tabbatar kunnena bai yi mini ƙarya ba. Mutumin Maradi, haifaffen Maradi, wanda na tabbata mahaifinsa ya sha fita bayan gari roƙon ruwa da riga a juye, ya tsaya a barandar otel can saman duwatsun Indiya, hazo ya rufe bayansa ruf, yana cewa: «Jama'a ku ga ruwan banza, kwana huɗu ya hana ni ganin komai, kuɗina sun tafi a iska.» Ruwan banza. Da bakinsa ya faɗa, har da tsaki a ƙarshe.

Ba sai na kama suna ba, duk kun san shi, kuma da yawanku kun saka masa dariya a ƙasan bidiyon, na gani. To ni ban yi dariya ba.

Alhaji, gidan ruwa ka je. Ba wanda ya ɗaure ka ya kai ka. Ka gama ganin likita lafiya lau, Allah ya ƙara sauƙi, ka ce bari ka buɗe ido kafin ka komo gida. Ka hau jirgi zuwa Guwahati, ka shiga mota ta hau da kai Shilon, daga nan ka ƙara kilomita hamsin da 'yan kai zuwa Cerapunji, garin da mutanensa ke kira Sohra. A watan Yuli. Jihar ma sunanta Megalaya, ma'anarsa mazaunin gizagizai. Sun rubuta maka a ƙofar gida tun kafin ka yi sallama, me kuma kake so su yi maka? Su aiko maka da ɗan aike?

Ni na taka garin nan da ƙafata lokacin da nake karatu a ƙasar, wani abokin ajinmu ɗan ƙabilar Khasi ya gayyace ni gidansu da hutu, kuma a damina na je kamar yadda Alhaji ya je. Don haka wanda zai ce ina maganar abin da ban sani ba ya adana yawunsa.

Ku tsaya in ba ku lissafi, tunda mu 'yan kasuwa lissafi muke ji. Maradi, shekarar da aka ce damina ta yi kyau, abin da muke samu bai wuce milimita 500 da wani abu ba. Cerapunji da maƙwabciyarta Mausinram kowace tana samun sama da milimita 11,000 a shekara. Wato damina ɗaya a can ta fi tamu ashirin. Yaron da aka haifa bana a unguwar Bagalam sai ya isa aure kafin idonsa ya ga ruwan da suke gani cikin shekara guda. A ranakun 15 da 16 ga Yunin 1995, kwana biyu kacal, an auna milimita 2,493 a Cerapunji, kusan daminarmu biyar ke nan tsakanin Alhamis da Juma'a. A watan Yulin 1861 kaɗai an rubuta milimita 9,300. Wannan ne garin da Alhajinmu ya ɗauki jakarsa ya nufa a watan Yuli, da shadda mai sitaci da takalmin fata rufaffe, yana jiran rana ta fito ta gaishe shi.

Kuma abin yana da dalilinsa, Allah ya tsara shi a fili. Iskar damina tana tasowa daga tekun Bengal ɗauke da danshi, ta ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Bangaladash ba abin da ya tare ta, sai kwatsam ta ci karo da duwatsun Khasi sun miƙe tsaye sama da mita dubu. Dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke kayanta. Garin yana zaune daidai inda ake sauke kayan. Kamar mutum ne ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin indararo cikin marka, ya kwanta, sannan ya tashi yana neman wanda ya jiƙa shi.

Gidan ruwa ka je, Alhaji.

Wai bai ga komai ba. Wannan ma ta fi ba ni haushi. Kwana biyar na yi a can, ban ga rana ba ko sau ɗaya, kuma har yau ban gama ba da labarin abin da na gani ba. Daren farko ban runtsa ba saboda ƙarar ruwa a kan kwano, sai da safe na lura wasu gidajen sun shimfiɗa ciyawa a kan rufi don ta rage ƙarar. Wandon da na wanke ranar da na isa, da ɗanshinsa na mayar da shi jaka ranar da zan tafi. Takardun kuɗin da ke aljihuna suka yi laushi kamar ganyen rama dafaffe. Ashana sai an ajiye ta kusa da murhu. Hazo yana shigowa har cikin ɗaki in ka bar ƙofa buɗe, kana zaune kana kallon gajimare ya wuce ta gabanka kamar baƙon da ya yi ɓatan kai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kakar abokina. Tsohuwa ce da a nan gida da tuni an ce ta zauna ta huta. Da sassafe, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, ta ɗauko wani abu da suke kira kunup, saƙar gora ce da ganye a tsakani, siffarsa kamar ƙoƙon bayan kunkuru. Ta rataya shi a ka, ya rufe ta tun daga goshi har ƙasan gwiwa ta baya, hannayenta biyu suna sake. Ta sunkuya cikin lambunta tana cire ciyawa, ruwa na gangarowa ta bayan saƙar yana zuba ƙasa, ita ko a jikinta. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da lemar da na sayo a birni, iska ta riga ta juye ta ta karya ƙarfe biyu. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi lemar, ta yi dariya da jajayen haƙoranta. Ba na jin yarenta, amma na ji abin da ta ce sarai.

Washegari muka gangara Nongiriyat, matakala wajen dubu uku, santsi ko'ina, matsattsaku sun kama ni a ƙwauri sau biyu. A ƙasan kwarin akwai gada hawa biyu wadda ba ƙarfe ba siminti a jikinta. Saiwoyin wata bishiya ce dangin gamji, kakanninsu suka riƙa jan su suna karkata su daga wannan gaɓa zuwa waccan, shekara da shekaru, har suka sarƙe suka zama abin takawa. Katako a wurin nan ruɓewa yake yi, ita kuwa saiwa ruwan ma ƙarfi yake ƙara mata. Mutumin da ya fara jan saiwar ya san da wuya ya ci moriyarta sosai, jikokinsa yake yi wa. Na tsaya a tsakiyarta, rafi na ruri a ƙarƙashina, gwiwoyina na rawa, na tuna kakana da gawon da ya hana a sare a gonarmu ta hanyar Tibiri. Wannan ne wurin da aka ce ba abin gani.

Na san abin da za ku rubuto, tun kafin ku rubuta. «Kuɗinsa ne.» To, bakinsa ma nasa ne, shi ya sa na ce ya iya shi. «Hassada kake don bai tafi da kai ba.» Madalla, na gode, a gai da mutan gida. «Wasa yake yi.» Wasan da za a yi da damina a Maradi ban san shi ba.

Akwai masu cewa ai ruwa ma yana ɓarna, ko na manta da ambaliyar 2024 ne. Ban manta ba. Na kwashe laka daga ɗakin innata da hannuna a shekarar, na ga katangu sun kwanta, na je gaisuwar mutuwa. Tsohon garin Maradi ma da ke cikin kwari ambaliyar 1945 ce ta tashe shi aka hau tudu, kowane yaro ya ji wannan a bakin kakarsa. Amma ku gaya mini, a cikin duk waɗanda ɗakunansu suka faɗi, wa kuka ji ya ce ruwan banza? Cewa suke Allah ya sa haka ya fi alheri, Allah ya ba mu mai amfani. Wanda ya rasa ɗaki bai zagi ruwa ba, sai wanda ya rasa hoton da zai ɗora a Facebook.

Kuma malamai sun koya mana tun muna allo abin da ake faɗa in ruwa ya yi yawa. Ana roƙon Allah ya kewaye mu da shi kada ya sauke a kanmu, ya kai shi kan tuddai da duwatsu da kwaruruka da matsirar itatuwa. Ku duba da kyau. Mu ne muke roƙo a kai shi kan duwatsu. An kai shi. Sai Alhaji ya yanki tikiti ya bi shi har kan dutsen yana yi masa tsaki.

Yanzu bari in ajiye ba'a, don abin yana ci mini rai da gaske. Ni ɗan manomi ne. Na san yadda ake binne, a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa a koma gida ana kallon gabas. Na san yadda gida yake yin tsit in hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, sannan ya watse ba ko ɗigo. Babana ba mai yawan magana ba ne, amma in aka yi kwana goma sha biyar ba ruwa hatsi ya fara murɗe ganye, ko tuwo ba ya iya ci, sai ya fita tsakar gida cikin dare ya ɗaga kai sama ya dawo. Iyayenmu sun ga yunwar 1973, sun ga ta 1984, mu kanmu mun ga ta 2005, lokacin da mata daga ƙauyuka suka cika garin nan goye da yaran da ba su da ƙarfin kuka. Garin da ya ga wannan, kalmar ruwa tana da nauyi a bakinsa. Ana iya cewa ya yi yawa, ana iya cewa ya hana ni fita. Banza ce dai ba a haɗa shi da ita. Kuma bidiyon nan yara suna kallo, yaran da suka tashi suna ganin hatsi a tiya a kasuwa ba su taɓa ganin shi yana bununi ba.

Ga wani abin da Alhaji bai zauna ya tambaya ba. Mutanen Sohra ɗin nan, da rani wahalar ruwan sha suke yi. Ƙasar tasu dutse ce, ba ta riƙewa, duk abin da ya sauka gangarawa yake ya tafi Bangaladash. Daga Disamba zuwa Fabarairu za ka ga mata da tuluna da jarkoki suna neman ruwa a garin da ake kira ɗaya daga cikin mafi ruwa a duniya. Da abokina ya gaya mini haka sai na tuna Gulbin Maradi, wanda yake cika ya tumbatsa a marka, da rani kuma yara su buga ƙwallo a cikinsa. Ashe ciwonmu ɗaya da su. Da Alhaji ya zauna da direban da ya kai shi ya sha shayi, da ya dawo mana da wannan labarin ya ba mu a fada, mu ƙaru.

Amma ina, ruwan banza.

Af, na ce jajayen haƙora ban yi bayani ba. Suna da wani abin tauna da suke kira kwai, ɗan itace ne mai tauri da ake naɗewa cikin ganye da ɗan farin ƙasa, shi ne goronsu. Da shi ake tarbar baƙo, da shi ake zaman makoki, mai kuɗi da talaka duk shi suke miƙa maka. Tsohuwar nan ta ba ni, na ga ba dama in ƙi, na tauna, kunnuwana suka ɗau zafi, gumi ya karyo mini cikin wannan sanyin, sai da na dafa bango. Na yi mata alkawari da hannu da ka cewa zan aiko mata da namu ta ɗanɗana, har yau ban cika ba, ban ma san ko goro zai kai can bai bushe ba. Wanda ya san yadda ake naɗe shi ya yi sati uku a hanya ya yi mini magana ta ciki. Kuma don Allah masu goro na babbar kasuwa, wannan farashin da kuka faɗa mini shekaranjiya, na ƙwarya ne ko na huhu gaba ɗaya?