Ruwan jiki ba a jini ya taru ba

Da yawanmu in aka ce "ruwan jiki", jini ne ke faɗo mana a rai. Ba haka abin yake ba. Namiji baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa kusan lita 42, amma jininsa duka wajen lita 5 ne, ruwan da ƙwayoyin jinin ke yawo a cikinsa kuwa wajen lita 3 kacal.

To ina sauran? Kusan lita 28 na can cikin ƙwayoyin halitta, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jiki, wajen lita 11 kuma na kwance a tsakaninsu.

Ruwan nan kuma ba iri ɗaya ba ne. Na wajen ƙwayoyin, sodiyam ya fi yawa a cikinsa, wato sinadarin gishirin miya, shi ya sa hawaye ke da ɗanɗanon gishiri. Na ciki kuwa wani sinadarin mai suna fotasiyam ne ya rinjaya. Gudawa tana kwashe ruwa da gishiri tare, dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ke nacewa a ba yaro ruwan gishiri da sukari ke nan, ba zallan ruwa ba. Jariri ma ya fi saurin galabaita, shi da kusan kashi 75 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne.