Wai mata ba sa kawo kuɗi a ƙwallo, to a Najeriyar nan su waye suke kawowa?

Duk sanda aka taso da maganar biyan 'yan wasa mata daidai da maza, amsa ɗaya ce take fitowa daga bakin mutanenmu, tun daga teburin mai shayi har kan Facebook: ai mata ba sa kawo kuɗi, wa ma yake kallonsu? Da an faɗi haka sai kowa ya gyaɗa kai a koma musun Madrid da Barca. Ni dai a ganina amsar nan rabinta gaskiya ce, ɗaya rabin kuma daga Turai aka aro shi aka kawo inda bai da mazauni.

Bari in fara ba ku naku. In maganar kulob ake, ba ni da ja. Kulob kasuwanci ne, ba mai hankalin da zai ce lallai sai a biya Asisat Oshoala, tauraruwar ƙwallon matan Najeriya, abin da Galatasaray take biyan Osimhen, don kuɗin da gidajen talabijin da masu talla suke zubawa a ƙwallon maza ya yi wa na mata fintinkau, kuma ko a cikin mazan ma ai ba ɗaya ake biya ba, gola na uku da yake ɗumama benci ba ya ɗaukar abin da mai cin ƙwallo yake ɗauka. Wannan kam a wuce wajen. Kuma in kun bibiyi matan da suke wannan fafutuka da gaske, yawancinsu ba albashin kulob suke magana a kai ba, tawagar ƙasa suke nufi, inda riga ɗaya ake sakawa, taken ƙasa ɗaya ake rerawa, hukuma ɗaya ce take biya.

'Yan ƙwallon Amurka mata da suka maka hukumarsu a kotu a 2019 a kan haka ne, lokacin suna da kofin duniya uku a hannu, suka ƙara na huɗu a wannan shekarar, mazan nasu kuwa ko zuwa Rasha a 2018 ba su samu ba. A 2022 aka yi sulhu a kan dala miliyan 24, aka kuma rubuta yarjejeniya cewa alawus da garaɓasa ɗaya ne, har kuɗin da FIFA take bayarwa na kofin duniya za a haɗa na maza da na mata a tukunya ɗaya a raba. Nowe ta riga su tun 2017, can ma mazan ne da kansu suka yafe wani ɓangare na kuɗin tallansu aka ƙara wa matan. Ingila da Birazil suka bi a 2020. A wasan tanis kuwa zancen ya tsufa, gasar US Open tun 1973 take biyan kuɗi ɗaya bayan 'yar wasan tanis Billie Jean King ta tayar musu da ƙayar baya, Wimbledon ce ta yi ta taurin kai har 2007 kafin ta sauko. Duniya ba ta tashi ba, ba a daina kallon maza ba.

Sai kuma wannan maganar ta "ba mai kallonsu". Akwai abin da ba a cika faɗa ba. A Disambar 1920 wasan mata ya tara mutum kusan dubu 53 a Goodison Park, filin da Everton ta daɗe tana wasa, wasu dubbai suna waje sun rasa hanyar shiga. Shekara tana zagayowa, 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayenta, kuma ba a ɗage ba sai bayan shekara hamsin. Birazil ma doka aka yi a 1941 aka hana su, har 1979. Wato daidai lokacin da ƙwallon maza take kafa ƙungiyoyi, tana tara magoya baya, uba yana gadar wa ɗansa kulob, rediyo ya zo, talabijin ya zo, su matan an kulle musu ƙofa. Sai yanzu a zo a ce me ya sa ba ku da 'yan kallo kamar maza? Haba malam. Da aka buɗe musu ai ga shi nan, a 2022 Barcelona ta mata ta tara mutum sama da dubu 91 a Camp Nou har sau biyu, fainal ɗin kofin Turai na mata a Wembley a shekarar sama da dubu 87.

Duk da haka giɓin yana nan, kuma babba ne. Kofin duniya na Ƙatar a 2022 dala miliyan 440 FIFA ta raba, Ajantina ita kaɗai ta tafi da miliyan 42. Na mata a 2023 a Ostareliya da Niyu Zilan miliyan 110 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu, alhali na 2019 ma miliyan 30 ne kacal. A nan Afirka, Kodebuwa da ta doke mu a fainal ɗin AFCON, kofin Afirka na maza, a Abijan miliyan 7 ta karɓa, mu da muka zo na biyu miliyan 4, su kuwa Falcons, tawagar matan Najeriya, da suka ɗago nasu kofin a 2025 miliyan 1. Ku lura fa, wanda ya sha kashi a fainal ya ninka wadda ta ɗauki kofi sau huɗu. To wannan tsakanin FIFA ne da CAF, hukumar ƙwallon Afirka, da masu talla, kuma a hankali yana motsawa, ba shi ne yake ƙona min rai ba.

Abin da yake ƙona min rai na gida ne. Super Falcons sau goma suna cin kofin Afirka, Super Eagles sau uku, 1980 da 1994 da 2013. Falcons ba su taɓa fashin zuwa kofin duniya ba tun da aka fara shi a 1991, Eagles kuwa kowa ya san yadda Gana ta hana mu zuwa Ƙatar a Abuja a 2022, har aka fasa kayan filin wasa don haushi. Amma ku duba tarihin 'yan Falcons ɗin nan: 2004 sun ci kofi a Afirka ta Kudu suka ƙi fita daga otal sai an biya su. 2016 sun ci kofi a Kamaru, suka dawo Abuja suka zauna a otal kwana da kwanaki, ƙarshe suka ɗauki kwalaye suka yi tattaki zuwa majalisar tarayya, zakarun Afirka guda a kan titi cikin rana suna roƙon abin da suka yi gumi a kai. 2019 a Faransa bayan Jamus ta cire su, zaman otal. 2022 a Maroko sun ƙi fita tirenin kafin wasan neman na uku. 2023 sun riƙe Kanada, sun doke Ostareliya 3 da 2 a gabanta a gidanta, sun kai Ingila har fenareti, suna dawowa ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya ta fitar da sanarwa cewa akwai kuɗaɗen da suke bi tun 2021. Kaftin ɗinsu Desire Oparanozie da ta buɗe baki a 2019 ta ce a biya su daidai da maza, ba a daɗe ba aka karɓe kambun daga hannunta. Ita kanta FIFA a 2023 sai da ta fayyace kason kowace 'yar wasa, dala dubu 30 ga wadda ta tsaya a rukuni, dubu 60 ga wadda ta kai zagaye na biyu, don ta san halin hukumomi irin namu in kuɗi ya shiga hannunsu a dunƙule.

To yanzu mai cewa kasuwa ce take yanke hukunci, dan Allah wace kasuwar? Mu da muke Kano ai bai kamata a yi mana wannan burgar ba. Pillars tamu, Sai Masu Gida, da ta ci lig a 2008 ta kuma jera 2012 da 2013 da 2014, babu ƙungiyar da ta fi ta cika fili a ƙasar nan, in ana babban wasa a Ƙofar Mata tun azahar 'yan adaidaita suke canza hanya, masu rake da masu fiya wata da masu tsire duk ranar cinikinsu ce. Amma tsakani da Allah kuɗin get ne yake biyan albashin su Rabi'u Pele? Kowa ya san ƙungiyar gwamnati ce, daga baitulmali ake fitarwa, in gwamnati ta yi jinkiri 'yan wasa su shiga uku. Haka yawancin ƙungiyoyin lig ɗinmu suke, na jihohi ne. Ita ma hukumar ƙwallo ta ƙasa, NFF, ba ribar tikiti take ci ba, kasafin gwamnati ne da tallafin FIFA da CAF da ɗan abin da kamfanoni suka bayar. In dai kuɗin jama'a ne, to ƙa'idar kuɗin jama'a za a bi. Malama da malami a makarantar gwamnati in matakinsu ɗaya albashinsu ɗaya ne, ban taɓa jin wanda ya ce a rage na malamar ba don ajinta bai kawo riba ba. Me ya sa sai an zo kan alawus ɗin sansani da kuɗin cin wasa ne kowa yake zama masanin tattalin arziki?

Ranar fainal ɗin kofin Afirka da Falcons suka kara da Maroko a Rabat, 26 ga Yulin 2025, lokacin hutun firimiya ne, mai gidan kallon unguwarmu ko rubuta wasan bai yi a allonsa ba, ya ce asarar man janareta ce. A wajen mai shayi muka kalla a ƙaramar talabijin da ya rataye saman katakon burodi. Maroko ta zura biyu kafin hutun rabin lokaci, wani dattijo mai facin taya ya ce ai dama, ya juya baya ya ci gaba da fifita shayinsa. Da Esther Okoronkwo ta ci fenareti sai ya ɗan gyara zama. Da Ijamilusi ta farke, benci ya cika, masu wucewa a mashin suna tsayawa suna leƙe, ana ta "a ɗan sunkuya mana a gaba". Da Echegini ta saka ta uku saura minti biyu, wallahi dattijon nan ne ya fi kowa ihu, yana cewa yaran nan sun fi su o'o zuciya, ya kama sunan wasu 'yan Eagles da ba zan maimaita ba. Mai shayi indomi ta ƙare masa a daren. Ba wai ina cewa daga ranar an koma kallon lig ɗin mata ba ne, a'a, har yanzu in ka tambayi mutum goma a layinmu wace ƙungiya ce Nasarawa Amazons ko Rivers Angels ko Edo Queens da wuya biyu su sani, to amma ina za su sani tunda ba a nunawa?

Na san abin da wasu za su ce, ai Tinubu ya ba su dala dubu ɗari-ɗari da gida da lambar girmamawa ta ƙasa OON, ya kuma maimaita wa 'yan kwando mata D'Tigress bayan sun ci kofin Afirka karo na biyar a jere. Madalla, Allah ya sa albarka. Amma kyauta daban, hakki daban. Kyauta sai ranar da mai bayarwa ya ga dama, sai an ci kofi, sai kyamara tana wajen. Wadda ta karye a wasan share fage ba ta kai ga tawagar fainal ba fa? Waɗanda suka ci kofuna tara na baya fa? Chioma Ajunwa da ta ciyo mana zinare a tsalle a Atlanta 1996, sai 2021 gwamnatin Legas ta miƙa mata gida, bayan shekara 25. D'Tigress ɗin nan da ake tafa wa, su ne a 2021 suka yi bidiyo suna kukan bashi, a 2022 rikicin shugabanci ya sa gwamnati ta janye ƙasar daga gasannin waje suka rasa gurbinsu na kofin duniya aka ba Mali, duk da haka a Faris 2024 suka zama tawagar kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai kwata fainal a Olamfik.

Sannan akwai 'yan uwanmu da asalin damuwarsu ba kuɗi ba ce, su dai ba su yarda mace ta buga ƙwallo ba sam, saboda shiga da cakuɗa da tafiye-tafiye. Wannan ra'ayi ne da nake girmamawa, a Kano muke, kuma mafi yawanmu ba za mu bar 'ya'yanmu mata su fita fili da gajeren wando ba, ni ma ban ce a yi ba. Amma in wannan ce hujjarka to faɗe ta a fili, kar ka laɓe bayan lissafin talabijin. Kuma ko a nan ɗin duniya ta matsa, FIFA ta halatta hijabi tun 2014, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta, Saudiyya ta buɗe lig ɗin mata a 2022 har 'yan Falcons irin su Ashleigh Plumptre suka koma can. Ka yarda ko kar ka yarda da sana'ar, tunda dai hukuma ce ta kira su, ta ba su riga, ta yi musu alƙawari, suka yi aikin, to bashi ya hau. Mu ne fa muke karanta hadisin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, ba a ce sai in namiji ne ba.

Kuma kar mazan su ɗauka su sun tsira. A Birazil 2014 Eagles sun ƙi tirenin kafin wasan Faransa a kan kuɗi, a Olamfik ta 2016 sai da wani likita ɗan Japan ya tausaya ya kawo wa su Mikel kyautar kuɗi, a Nuwamban 2025 ma a Rabat sun sake ƙin fita atisaye ana saura kwana biyu wasan Gabon. Bambancin kawai shi ne Osimhen in an riƙe masa alawus ko a jikinsa, albashin sati ɗaya a kulob ya shafe shi, ita kuwa yarinyar da take buga lig ɗin gida a Lafiya ko Yenagowa wannan alawus ɗin shi ne kuɗin hayar uwarta da kuɗin makarantar ƙannenta.

Abin da nake so in gani ba wani abu ne mai wuya ba. NFF ta fito da takarda kowa ya gani, ga abin da ake ba ɗan wasa kullum a sansani, ga na cin wasa, ga na canjaras, adadi ɗaya ga Eagles da Falcons, irin jirgi ɗaya, irin otal ɗaya, da ranar da kuɗin zai shiga asusun kowa. Abin da FIFA da CAF suka turo kuma a faɗi kason 'yan wasa tun kafin a tafi gasa, ba sai an dawo a fara sa-in-sa a jarida ba. In sun ce babu kuɗin yin haka, to a fara rage 'yan rakiyar da suke cika jirgi duk tafiya suna karɓar estakod, wato alawus ɗin tafiya ƙasar waje, ba tare da sun taɓa ƙwallo ba, a ga abin da zai rage.