Masu bada hayar hol a Gusau, ku ji tsoron Allah

Wallahi abin da masu bada hayar hol ke mana a garin ga ya isa haka nan. Ka biya kafin alƙalami, a rubuta maka rasit da kwanan wata, ka watsa gayyata a WhatsApp da Facebook, ka sa dattijo ya baro ƙauyensu da kayan kiɗanshi ya hawo hanyar da kowa ya san halin da take ciki, sai ana gobe taro manaja ya bugo maka waya wai ka yi haƙuri, Honorabul zai gana da mutanenshi kuma ka san su ba a ce musu a'a. To mu da ake ce ma a'a su wane ne? Namu kuɗin ba kuɗi ba ne?

Ga wanda bai san abin da muke yi ba, ba gala ba ce, ba casu ba ne, ba kuma biki ba. Zaman sauraro ne. Mu 'yan tsiraru ne matasa, wasu ɗalibai wasu masu ɗan situdiyo a lungu, muna kawo mai gurmi ko mai kotso ko mai sarewa mu zaunar da shi gefen yaro mai laftof, a ɗauki bugun kotson nan take a maimaita shi yana zagayowa, a ja shi a rage mai sauri, mai gurmi ya hau kai, wani lokaci ma ƙarar maƙera ko hayaniyar tsohuwar kasuwa da munka naɗo a waya ita za a shimfiɗa a ƙasa. Mutane na zaune kan kujera suna ji. Babu rawa, babu liƙi, babu sanƙira yana zuga wani. Kuma na lura daga nan matsalarmu ta faro, don duk inda ka shiga tambayar farko ita ce wa za a yi ma waƙa. Ka ce ba kowa, sai a dube ka sama da ƙasa. Manajan hol ɗin da munka kama da kanshi ya ce min "Malam, to in ba biki ba ne ba siyasa ba, wa zai biya?" Na ce ai ga shi mun biya, rasit ɗinku ne wannan. Ya yi dariya. A wurinshi taron da babu sunan babban mutum a jikin allon tallanshi ba taro ba ne, abu ne da za a ture ko yaushe aka ga dama.

Da munka matsa sai anka ce an taimaka mana, a koma da mu ƙaramin ɗakin baya. Jama'a ɗakin ga tayil ne ƙasa, bango sumul, sama kwano da silin ɗin roba, ka yi tafi sau ɗaya ya dawo maka sau uku. Fankoki na ƙugi, in ka kashe su mutane su jiƙe da zufa, in ka bar su makirfo ya kwashe ƙuginsu gaba ɗaya. Gurmi abu ne mai siririyar murya, tsirkiya biyu ce kan ƙoƙo, sai ka kai makirfo dab da fatar kafin ka ji daɗinta, to a ɗakin ga kana ƙara mata ƙarfi lasifika za ta ɗau kuka. Kuɗin babban hol munka biya fa. Ban ga an maido mana bambancin ba, da na tambaya wai sai Alhaji mai hol ɗin ya dawo daga Abuja.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi ƙona min rai. Lokacin biya an ce kuɗin hol har da wuta. Ranar taro an ɗauke wuta tun hantsi, sai ga sabon karatu, wai wutar da ake nufi ta gari ce in an kawo, janareta kuma lissafinshi daban, ku sayo man gas. Babban janaretan kuma an ja waya an kai wa taron Honorabul. Mu sai wani ƙarami mai fetur anka turo mana, kuma mu za mu zuba mai. Kowa ya san tun da anka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a ƙarshen 2024 har ta tsallake 1,000, mu da kuɗin ƙofarmu bai kai na kwanon shinkafa a gidan abinci ba ta ina za mu fitar da wannan? Kuma ba tsadar kaɗai ba, wutar ƙaramin janareta hawa da sauka take, ga wayoyin wutar ɗakin babu wadda ake binnewa a ƙasa, sai miksa, wato na'urar haɗa sauti, ta riƙa wani gurnani zuuu wanda ba ya yankewa, duk inda kiɗa ya yi laushi shi kake ji. Fiyus ɗin sitabilaizarmu ta ƙone kafin la'asar. Wanda ke kiɗan biki bai damu ba don ƙara ta rufe komai, mu kuwa rabin aikinmu a wurin da sauti ya yi ƙasa yake.

Mai kayan sautin hol ɗin, wanda dole da shi za ka yi aiki don wai ba a shigo da na waje, shi ma na shi salon daban. Abu biyu ya sani a duniya, bas da eko. Na ce ɗan'uwa don Allah rage eko ɗin nan, ya ce haka ake so a gari. Na juya baya ya mayar. Gurmin Baba, dattijon da munka gayyato, ta koma kamar ana kaɗa ta cikin rijiya. Tsohon nan ya dakata, ya aje ta kan cinya, ya ce "ɗana, wanga ba muryata ba ce." Kunya ta kama ni har ban san inda zan sa kaina ba, mutumin da ya girmi ubana, ya kwana a gari saboda direbobin hanyarsu ba su yarda su taso da yamma.

Ga takardar izini, ita ma sai da anka yi ta wasa da hankalinmu, wannan tebur ya tura ka wancan, wancan ya ce oga ya fita. Ni ban ƙi a tambaye ni ba. Jiha ce da ke bin shari'a tun shekarar 2000, ga matsalar tsaro, dole a san wa ya tara mutane kuma don me. Mun raba wurin zaman maza da mata, mun ce za mu tashi kafin isha'i don masu keke da babur ba su kai dare. Amma a fom ɗin babu gurbinmu, ko biki, ko wa'azi, ko taron siyasa, ko na ƙungiya. Wanda na samu ya ce in rubuta walima kawai a wuce wurin. Walimar me? In gobe wani ya zo ya ga kotso a walima ni za a kira maƙaryaci.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a Zamfara ake mana haka. Ƙasar da ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi da Kassu Zurmi da Sani Sabulu na Kanoma. Kowane mai hol ɗin nan in ka shiga motarshi Ɗanƙwairo yake ji, mutumin da ya rasu tun 1991, amma bai taɓa tsayawa ya saurari yadda 'yan amshinshi ke karɓeɓeniya ba, wannan ya ɗauka wancan ya cafe kafin ya dire, murya kan murya. Wannan ba gwaji ba ne a zamaninshi? Ɗanmaraya Jos da kuntigi na gwangwanin kifi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Nan maƙwabtanmu Nijar, Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan na lantarki tun 1978, kuma gidan rediyo da talabijin na ƙasar sunka riƙa sa shi, ba wanda ya tambaye shi wa yake wa kirari. A Yuganda bikin Nyege Nyege da anka fara 2015 a garin Jinja yau daga Turai ake zuwa jin irin wannan haɗe-haɗe. Ni ban ce a yi mana irin nasu ba, al'adarmu daban, tarbiyyarmu daban. Ɗaki nike nema mai wuta na awa uku.

Kuma masu cewa ai babu masu son irin wanga abu a Gusau, ku zo ku gani. Duk da canjin ɗaki da anka yi mana, yara sun zo daga jami'ar tarayya, wasu tun daga kwalejin Ƙaura Namoda, har da wani malamin makaranta da ya zo da 'ya'yanshi don su ga kotso ido da ido, su ga ashe baki ɗaya ke da fata kuma da hannu ake bugunshi ba da makaɗi ba irin na kalangu. Suna zaune shiru suna ƙoƙarin ji, daga ɗaya ɓangaren kuma lasifikan Honorabul na ta ɓarin waƙar yabo har gilashin tagarmu na rawa. Na je na roƙi mai gadi a ɗan rage, ya ce in je in faɗa musu da kaina in na isa.

Na gaba dai ba za mu sake kai kuɗinmu hol ba. Akwai mai makarantar kuɗi da ya ce zai ara mana farfajiya ranar Asabar bayan la'asar, tabarmi za mu shimfiɗa, bishiyoyin dogon yaro sun fi tayil riƙe sauti. Abin da ya rage mana wuta ce mai tsabta, don haka duk mai inbata da batir biyu da zai iya ba mu haya ya yi min magana ta inbos, mu za mu ɗauko mu maido. Mai kayan sauti ma muna nema, amma don Allah wanda in an ce ya rage eko zai rage.