Ƙwayar cutar da ke gagarar allura a asibiti, a gidajenmu take koyon taurin kai

A daminar bara aka yi wa matar ƙanena tiyatar haihuwa a wani asibitin gwamnati da ke yankinmu a Jigawa. An ciro jaririya lafiya, har mun fara cinikin ragon suna, sai a kwana na huɗu zazzaɓi ya rufe mai jegon, wurin ɗinkin ya kumbura ya fara zubar da mugunya. Kwana biyar ana yi mata allurar ceftriaxone, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu sauƙi. Da na matsa da tambaya, ma'aikaciyar jinyar ta ce da ni: "Malam, ka yi haƙuri, abin da ke jikinta ba ya jin wannan allurar, sai an kai mugunyar gwaji Kano." Sakamakon ya nuna wata ƙwayar cuta ce mai suna Klebsiella.

Tun daga lokacin nake bin diddigin al'amarin, na kuma gane cewa makami biyu irin waɗannan ƙwayoyi suke riƙe da shi. Na farko shi ne abin da ke ba su ikon cutarwa: Klebsiella tana lulluɓe kanta da wata riga mai yauƙi kamar miyar karkashi, wadda ke hana sojojin jini haɗiye ta, Staphylococcus aureus tana fitar da dafin da ke lalata tsoka, Pseudomonas kuwa takan yi dafifi a jikin robar fitsari ta gina wa kanta wani daskararren rufi da magani ba ya ratsawa sosai. Na biyu shi ne bijire wa magani, domin wasunsu suna samar da sinadarin da ke farfasa maganin tun kafin ya taɓa su, kuma suna miƙa wa juna wannan dabara kamar yadda maƙwabta ke aron fartanya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Mutanen garinmu sun ce a asibiti ta kwaso ciwon, kuma ban musa ba, domin da idona na ga famfon ɗakin masu jego a bushe, 'yan jinya suna ɗauko ruwa a jarka, ma'aikaciya ɗaya tana tashi daga wannan gado zuwa wancan babu wurin wanke hannu. Amma inda na fi ɗora laifi shi ne kanmu. Mu ne muke zuwa kemis mu sayi kafso biyu na Ampiclox saboda mura, alhali mura ba ta jin irin wannan magani. Mu ne muke saye a farantin mai talla da ya wuni cikin rana a kasuwa, muke yanke allurar da likita ya rubuta da zarar jiki ya yi sanyi, muke zuba wa kaji da tumaki kafso ja da rawaya a ruwan sha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana kashe raunanan ƙwayoyi ne ya bar masu tauri su hayayyafa a hanjinmu da fatarmu, sannan mu ɗauke su mu shiga da su asibiti.

Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945, cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin jurewa. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu kai tsaye saboda wannan matsala, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara.

Roƙona ga hukumomin lafiya na jiha shi ne ruwa da sabulu a kowane ɗakin marasa lafiya kafin a yi maganar sabon gini, sannan ɗakin gwajin da zai iya gano ƙwayar cuta da maganin da take ji a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin likitan da ba shi da gwaji lalube yake yi cikin duhu. Ita dai matar ƙanena sai da ta shafe mako uku a kwance, aka yi suna ba ta gida, kuma buhun riɗi huɗu ƙanena ya sayar kafin ya iya biyan kuɗin allurar da ta yi mata aiki.