Zunubin da ba a sa kowa a horo saboda shi

A majami'unmu, ko ECWA ce ko COCIN ko EYN, kowa ya san laifukan da ke kai mutum gaban dattawa. Yarinya ta yi ciki ba aure, a sa ta a horo. Mutum ya bugu da burkutu ya yi abin kunya a kasuwa, a hana shi Jibin Ubangiji. To amma don Allah wace ikilisiya ce ta taɓa kiran ɗanta don ya wuce wanda mota ta kaɗe a titi bai tsaya ba? Ni kam ban taɓa ji ba.

Alhali Yakubu 4:17 bai ɓoye komai ba, wanda ya san abin kirki da ya kamata ya yi amma bai yi ba, zunubi ne gare shi. Ku duba Matiyu 25 ma, wurin tumaki da awaki, waɗanda aka tura hagu fa ba a ce sun yi kisa ko sata ko zina ba, abin da Yesu ya lissafa musu shi ne ya ji yunwa ba su ba shi abinci ba, ya yi baƙunci ba su sauke shi ba, yana ciwo yana kurkuku ba su leƙa shi ba. Duk laifinsu abin da ba su yi ba ne.

Yanzu a yi hatsari a Hawan Kibo ko hanyar Kaduna zuwa Abuja ka ga ikon Allah, mutane sun yi cirko-cirko kowa da waya a hannu ana ɗaukar bidiyo, mutum na kwance jini na zuba, kafin a kai shi asibiti hotonsa ya riga ya zaga Facebook ana ta rubuta Allah ya kiyaye. Cikin masu ɗaukar nan akwai mawaƙan majami'a da 'yan zumunta, wasu ma da Littafi Mai Tsarki a kan dashbod.

Na san amsar da za a ba ni, wai tsoron 'yan sanda. Kuma gaskiya ne ba ƙarya ba, an sha mai da mai taimako wanda ake tuhuma, ga asibiti su ce sai an ajiye kuɗi tukuna. Amma doka ta ɗan gyara wannan, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, sannan dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta ce a yi musu magani ko ba takardar 'yan sanda, kuma kar a wulaƙanta wanda ya kawo su. Ana bin su ko'ina? A'a. Sai dai ko kiran 122 na jami'an kiyaye haɗurra bai fi ƙarfin kowa ba. Basamariyen nan na Luka 10, wanda ya taimaki mutumin da aka yi wa fashi aka bar shi jina-jina, shi ma ai hanyar 'yan fashi ya tsaya, tsakanin Urushalima da Yariko, ya kuma cire dinari biyu daga aljihunsa, firist da Balawe kuwa da suka wuce ba su tsaya ba babu mamaki suna da uzurinsu mai kyau.

Abin da ya fi sa ni jin nauyi shi ne labarin Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barkin Ladi. A watan Yunin 2018 da maharan suka afka wa ƙauyukan wurin, dattijon nan ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a gidansa da masallaci, ya tsaya ya ƙi miƙa su. Amurka ta karrama shi a 2019. Da ya rufe ƙofa ya yi shiru ba mai zarginsa, bai rufe ba. Mu da muke karanta misalin Basamariye tun makarantar Lahadi fa?

Shi ya sa nake ganin fastocinmu su rage wa'azin dogon siket da ɗankunne haka, su taɓo wannan. Kowace majami'a da ke bakin babbar hanya ta ware wani abu daga baiko don kuɗin ajiya a asibiti, wanda ya ɗauko majinyaci ya san ba shi kaɗai zai sha nauyin ba, kuma dattijo ɗaya ya raka shi ofishin 'yan sanda in an neme shi. 'Yan Boys' Brigade da Girls' Brigade kuma muna da su birjik, a gayyato Red Cross ta koya musu tsai da jini da yadda ake ɗaga wanda ya karye, ba maci da ganga kaɗai ba.