Funfunar Cikin Ganye da Bakin Mai Talla

Ranar Asabar, a cikin trotro, wato motar haya, daga Aboabo zuwa Kejetia a Kumasi, wani mai tallan magani ya ɗaga kwalba ya ce yanzu Turawa da kansu sun sallama: a cikin ganye akwai funfuna mai kashe ƙwayoyin cuta, don haka ruwan nan nasa ya fi kafson asibiti. Taifot, ciwon sanyi, gyambo, duk cokali biyu. Kafin mu sauka mutum huɗu sun saya.

Abin haushin shi ne gaskiya ya tsinta ya jiƙa ta da ƙarya. Lalle akwai funfunar da ke zaune cikin ganye da saiwa da ɓawo ba tare da ta cutar da itacen ba, wasu kuma na fitar da sinadarin da ke kashe bakteriya. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Gary Strobel, ya samo wata funfuna mai suna Muscodor albus a jikin itacen kirfa a Honduras, wadda tururinta kaɗai ke hallaka ƙwayoyin cuta. Penisilin ma daga funfuna masanin kimiyya Alexander Fleming ya gano shi a 1928, amma sai a shekarun 1940 ya zama allurar da ake yi wa jama'a. Wannan tazarar ce mai kwalba ya haɗiye. Sai an raini funfunar a faranti, a tace sinadarin, a auna ƙarfinsa, a duba ko yana taɓa hanta da ƙoda. Darbejiya biyu a unguwa ɗaya ma ba lalle funfunarsu ta zo ɗaya ba. To malam, wacce ce a tukunyarka, kuma me ya rage bayan tafasa?

Ba wasa ba ne. A 2019 ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma in aka duba yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya.

Masu cewa duk harkar ganye camfi ce, su leƙa cibiyar binciken magungunan itatuwa ta Mampong-Akuapem, wadda ke aiki tun 1975, sannan mu yi magana.

Ya kamata FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, ta bi masu tallan nan har cikin mota da gidajen rediyo. A ba jami'ar KNUST ta Kumasi da cibiyar binciken lafiya ta Noguchi kuɗin bincike, kuma a hanzarta, domin 'yan galamsey, masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ba sa jira: dajin Apamprama da ya kamata a shiga ɗibar ganye, injinan tono sun riga mu shiga.