Ba Kowace Jimla Ke Karɓar -ing a Gaba Ba

Ɗalibai da yawa masu shirin jarrabawar IELTS ta gwajin ƙwarewa a Turanci sun ɗauka cewa da zarar an buɗe jimlar Turanci da aikatau mai ƙarewa da -ing, rubutu ya hau sahun ƙwararru. Ba haka abin yake ba. Irin wannan gutsuren jimla ba shi da nasa mai aikatawa, aro yake yi daga babbar jimlar da ke biye da shi. Saboda haka duk wanda ya zo bayan waƙafi, shi Bature zai ɗauka ya yi aikin.

Duba wannan: "Walking to the market, the rain started." Marubucin yana nufin shi ne ke tafiya kasuwa, amma abin da ya rubuta shi ne ruwan sama ya kama hanyar kasuwa da ƙafa. Gyaran ba wuya: "Walking to the market, I got caught in the rain."

Kuma -ing ɗin ba ya nuna lokacin yanzu, ɗauka cewa yana nunawa shi ma kuskure ne da ya yaɗu. Lokacin yana hannun babban aikatau. In aiki ɗaya ya ƙare kafin ɗayan ya fara, sai a ce "Having finished the test, she left." In kuwa abin aka yi wa aikin, siffar ta canza: "Completed in 1889, the Eiffel Tower still draws crowds."

Akwai 'yan kalamai da suka kuɓuce wa dokar, irin su "generally speaking" da "judging by", don yawan amfani ya sa an daina tambayar wa ke maganar.